Tiyon Ƙarfe Biyar da Rabi

Ta kama ciyawar ne kawai don ta tsinke busasshen ganye, sai ta taso mata gaba ɗaya, faɗin tafin hannu biyu, kamar an ɗaga bakin tabarma. Ungozoma ta yi salati ta ja da baya. A ƙarƙashi, cikin baƙar ƙasa mai danshi, wasu fararen tsutsotsi ne kwance, kowace ta kai kaurin ƙaramin yatsa, ta naɗe jiki ta yi lamo kamar ba ita ta yi ɓarnar ba.

"Ashe ku ne," in ji ta. "Ashe ku ne, marasa kunya."

Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, babu irin abin da idonta bai gani ba, amma wannan sai da ya tayar mata da tsigar jiki. Rabin yaran layin nan a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa har yau, shekara uku da yin ritayarta, babu mai kiran ta da wani suna sai Ungozoma. Ta matsa gaba da kyar, ƙugunta yana ƙara, ta ɗaga wani wurin. Nan ma su ne.

Filin ba wani babba ba ne. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar gida zuwa baranda, taku takwas daga katanga zuwa katanga, sai bishiyar lemun tsami a kusurwar baya. Amma a zamanin Malam, mijinta, masu wucewa kan rage tafiya su leƙo ta saman gajeriyar katangar, su ga kore shar kamar an shafa fenti. Shi ma'aikacin lambu ne a wata babbar makaranta. Shekarar da suka tare a gidan, tun ba a sa ƙyauren ɗakin girki ba, ya riƙa kwaso gefen ciyawar da ake yankewa a zubar a wurin aiki, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗauro a bayan keke. Ta yi masa faɗa a lokacin. Mutane suna shuka abin miya a gidajensu, shi yana shuka abincin akuya.

"A can 'ya'yan mutane nake yi wa shimfiɗa," in ji shi. "Nawa fa, a kan tsakuwa za su koyi tafiya?"

Dukkan 'ya'yansu uku a kanta suka koyi tafiya, suka faɗi suka tashi ba wanda ya fasa goshi. Yanzu shekara biyu da rasuwarsa, filin ya koma ruwan ɗorawa, da sanƙo nan da can, da wani wari na taɓo da ba ya barin hanci.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta yi sakaci ba. Wallahi ba ta yi ba. Kullum ƙarfe biyar da rabi na yamma takan jawo tiyo ta ba ciyawar ruwa awa guda cur, yadda ta ga yana yi shekara talatin. Da ta ga ta fara canza launi, sai ta ƙara mata na safe.

Wayarta ta yi ƙara a baranda. Babban ɗanta ne, wanda kowa ke ce wa Injiniya.

"Umma, kin tashi lafiya? Yaya ƙugun?"

"Ƙugu yana nan inda ka bar shi."

"Na yi magana da magini. Gobe da safe zai zo da siminti da yashi. Ni kuma yau da yamma zan biyo in auna wurin. Motata tana wajen makanike, a bas zan zo."

"Gobe-goben nan?"

"Umma, ke da bakinki kika ce in wata ya ƙare ba ta farfaɗo ba, a shafe wurin. Yau wata ya ƙare."

Gaskiyarsa. Ta faɗa, amma a kwance ta faɗa, a kan gadon asibiti, ranar da santsin taɓo ya kwashe ta tana jan tiyo, ta yi kusan rabin awa a ƙasa kafin matar tela, maƙwabciyarta, ta jiyo ta.

"Na gano abin da ke cin ta," in ji ta. "Tsutsa ce."

"To, kin gani. Ga sauro, ga taɓo, yanzu ga tsutsa. Umma, ciyawa ce fa. Baba ba ya cikin ciyawar nan."

Ta juya ta dubi filin. Shi ma ya ji nauyin abin da ya fito daga bakinsa.

"Ki yi haƙuri, ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Sai ka zo."

Ta ajiye wayar, ta ɗauko wuƙa ta yanko wani yanki da ƙasarsa da tsutsarsa, ta sa a tsohon bokitin fenti, ta rufe. Ta yafa mayafi ta nufi tashar bas.

A cikin bas wata mata da ke gefenta ta yi ta satar kallon bokitin, har ta kasa haƙuri ta tambaya.

"Mara lafiya ne," in ji Ungozoma. "Asibiti zan kai shi."

Matar ta gyara zama ta matsa can.

Bas ɗin ya bi ta gaban asibitin da ta yi aiki. An sake fenti, an sare bishiyar da masu jinya ke zama a ƙarƙashinta. Wannan hanya ta san ta fiye da tafin hannunta. Duk ranar da take aikin rana, ƙarfe biyar take tashi, biyar da rabi da 'yan mintuna ta sauka a tashar unguwa, ƙafafu sun kumbura, kunne bai daina jin kukan jarirai ba. Tana tura ƙofar gida za ta tarar da Malam tsaye a jikin katanga, tiyo a hannu, kai a sunkuye. Sai ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci.

"Au, har kin dawo?"

Kullum. Shekara talatin. Au, har kin dawo. Akwai ranakun da abin ke ba ta dariya, akwai ranakun da yake ƙona mata rai. Mutumin da ya san ranar da kowane tsiro zai fito, amma bai san lokacin dawowar matarsa ba. Ta sha gaya masa cewa da ita ciyawa ce da ta ji daɗin duniya. Sai ya yi murmushi ya naɗe tiyonsa. Yau da za ta sake jin wannan tambayar sau ɗaya, da ta ba da duk abin da ta mallaka.

A kasuwa, layin masu sayar da kayan noma, ta tsaya a rumfar wani mai maganin ƙwari, mai bakin da ya fi zuma. Ya leƙa bokitin ya rufe, bai ko taɓa ba.

"Gwazarma ce, Hajiya. Kin zo gidan maganinta."

Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya zaro wata gorar ruwa ta roba, cike da wani abu mai launin shayi. Babu rubutu a jikinta, babu komai.

"Kashe-Duka muke ce masa. Ki fesa yau, gobe ki share gawa."

"Nawa ake zubawa?"

"Murfi biyu. In sun yi taurin kai, uku. In kina son ki huta gaba ɗaya, huɗu."

"Ina takardarsa?"

"Hajiya, takarda ba ta kashe tsutsa."

Da a asibiti ne wata ɗaliba ta miƙo mata magani ba suna ba awo, da sai ɗalibar ta gwammace ba a haife ta ba. Ungozoma ta san haka, ta kuma ji kunyar kanta. Amma gobe magini zai zo, kuma wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta biya, ta ƙulle gorar a leda.

Saura abin feshi. Na Malam, da almakashinsa da manjagararsa, duk ta ba abokin aikinsa bayan rasuwa. Mai Inji ake ce masa, don shekara talatin ya yi yana tura injin yankan ciyawa, har injin ya tafi masa da kunnen hagu. Tun da ya yi ritaya ya kafa 'yar rumfa a bakin titi, bayan kasuwa, yana sayar da itatuwan dashe a baƙaƙen ledoji.

Tun daga nesa ya hango ta ya miƙe.

"Amarya! Yau wace rana!"

"Amarya da jikoki biyar? Ka ji tsoron Allah."

"Mu da muka ɗauko ki, mu za mu faɗi ranar da amarci ya ƙare. Zauna. Ta wannan gefen, wancan kunnen ya riga ni ritaya."

Suka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyalinsa. Sannan ta ce aron abin feshi ta zo, ta nuna masa gorar. Ya buɗe murfin a nesa da fuska, ya kaɗa iskar da hannu zuwa hancinsa, ya yi maza ya rufe. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"A ina za ki fesa wannan?"

"A ciyawar gida. Gwazarma ta cinye ta."

"Ciyawar Sannu-Sannu?"

Sunan da suke kiran Malam ke nan a wurin aiki, saboda ba ya yin komai da gaggawa. Rabon da ta ji wani ya faɗe shi har ta manta. Ta gyaɗa kai.

"Zai kashe gwazarma, wannan ba ƙarya," in ji Mai Inji. "Zai kashe tana mai gyara miki ƙasa. Zai kashe tsuntsun da ya ci gwazarmar, da kazar maƙwabta. Jikokin nan biyar, ba a kanta suke birgima ba in sun zo?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wata shekara aka kawo mana sabon shugaba mai son a gama komai yau. Ya sa muka fesa irin wannan a filin ƙwallo. Washegari baro biyu muka cika da gawar balbela. Baro biyu, Amarya. Mijinki bai ci abinci ba ran nan. Tun daga lokacin ya kafa mana doka, ba a ba ƙasa magani sai an tambaye ta abin da ke damun ta. Mu ga mara lafiyar."

Ya ɗauko yankin ciyawar daga bokiti, ya juya, ya shinshina. Ya damƙi ƙasar ya matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa ya ɗiga a kan takalminsa.

"An yi ruwan sama a unguwarku ne?"

"Wane ruwa? Wata biyu ko ɗigo."

Ya dube ta, ya dubi hannunsa. Ya ƙwala wa mai facin taya da ke gefe kira ya ce ya duba masa rumfa, ya zura doguwar sukudireba da wuƙa a aljihu.

"Tashi mu je."

Rana ta take lokacin da suka isa gidan. A bakin ciyawar Mai Inji ya tuɓe takalmi, yadda Malam ke yi, ya tsaya yana kallo. Sannan ya taka. Ƙasar ta yi caɓal a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya soka sukudireba, ta shige har ƙota ba gardama, ta fito da laka. Ya auna taƙi ɗaya ta kowane gefe, ya yanka da wuƙa ya ɗaga, ya ƙirga tsutsotsin da kan wuƙar.

"Goma sha tara. In biyar ne ko shida, ciyawa mai lafiya ba ta ma sanin suna nan. Dubi saiwar." Ya nuna mata. Ko gaɓar yatsa ɗaya ba ta kai ba, ga ta baƙa, tana tsinkewa da taɓawa.

Ya zaga bayan bishiyar lemun tsami, inda wani siririn layi a jikin katanga yake nan kore. Nan sai da ya danna sukudirebar da ƙarfi kafin ta shiga. Ya yanka ya ɗaga da kyar. Saiwa fara tas, ta kai tsawon hannu, tsutsa biyu kacal.

"Me kike yi wa nan?"

"Babu komai. Tiyon ba ya kaiwa. Ina ta jin nauyin wurin ma, na bar shi da ƙishi."

"Sauran fa, sau nawa kike ba su ruwa?"

Nan ta ɗaga kai, don a wannan dai babu mai kama ta da laifi.

"Kullum. Da yamma awa guda, ban taɓa fashi ba sai kwanakin da na yi a asibiti. Da ta fara lalacewa na ƙara na safe."

Mai Inji ya je ya zauna a kan matakalar baranda. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Amarya, ke kika gayyato su."

"Ni?"

"Uwar gwazarma ƙwaro ce mai tashi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa take nema ta zuba ƙwai, ke kuma kin yi mata shimfiɗa har da matashi. Ita ciyawa kuwa, in ta samu ruwa a baki kullum, me zai sa ta tura saiwa ƙasa nema? Sai ta sangarce. Tsutsa ta zo ta tarar da 'yar guntuwar saiwa, loma ɗaya. Garin gyaran gira kin kusa rasa ido."

Ranta ya ɓaci, ta ji zafin har a kunnuwanta.

"Kada ka gaya mini wannan. Shekara talatin ina ganin Malam da idona, kullum da yamma, tiyo a hannu. Ko shi ma bai san aikinsa ba ne?"

"Sau biyu a mako yake ba ta. Litinin da Alhamis, da sassafe, bayan kin fita. Ya ba ta ta sha har can ƙasa, sannan ya bar ta ta ji ƙishi. Haka muke yi a makaranta, haka yake yi a nan."

"To, na yamma fa? Mafarki nake yi?"

Ya kau da kai wajen bishiyar.

"Ya ce in na taɓa gaya miki bai yafe mini ba. Amma ga ciyawarsa tana mutuwa, ya yi haƙuri, ma haɗu can mu yi shari'a." Ya juyo. "Da wane takalmi kike dawowa daga asibiti?"

"Farin takalmin aiki. Me ya kawo takalmi?"

"Daga ƙofa zuwa baranda, ta ina kike bi?"

"Ta kan ciyawa mana. Akwai wata hanyar ne?"

"Ya taɓa jiƙewa?"

Ta tuno takalmin. Farin takalmi ne na yadi, ɗigon laka ɗaya sai ya nuna. Takan tuɓe shi a bakin ƙofar ɗaki, da safe ta zura ta fita. Ba ta taɓa shanya shi ba. Ba ta taɓa goge masa laka ba. Ita kuwa yanzu, in ta gama ban ruwa, sai ta wanke ƙafa har ƙauri kafin ta hau baranda.

"Famfon a rufe yake," in ji Mai Inji a hankali. "Farkon tarewarku, a ƙofar gida yake tsayawa yana jiran ki, hannu ba komai. Mazan layin da ke zama a benci can tsallake suka sa shi gaba. Wai mijin-ta-ce. Wai an samu mai gadin tashar bas kyauta. Kin san shi da kunya. Washegari sai ya fito da tiyo. Katanga ta rufe shi daga ƙugu zuwa ƙasa, ba mai ganin ko ruwa na zuba. Ya ce mini, mai lambu da tiyo a hannu, wa zai tambaye shi abin da yake jira?"

Ungozoma ta laluba bango ta zauna. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar hutunta ba ya fita da tiyo, tana ɗauka kansa yake ba hutu. Makon da ta yi ritaya ya daina gaba ɗaya, sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ita a barandar nan. Ta yi masa tsiya, ta ce ko shi ma ya yi ritaya daga ban ruwa ne, ko ƙiwa ce ta tsufa. Ya ce, "Ta ƙoshi." Ita kuma ta ɗauka ciwon da ya tafi da shi ne ya fara cin ƙarfinsa.

"Munafuki," in ji ta. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara. "Munafukin Allah. Shekara talatin yana ce mini au, har kin dawo. Ni kuma ina jin haushi. Ina cewa bai damu da ni ba."

"In bas ɗinki ya yi latti, washegari duk mu muke shan labarin."

Ta rufe fuska da mayafi. Kewarsa ta taso mata sabuwa fil, kamar jiya aka fita da shi, amma a cikinta akwai wani daɗi da ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Mai Inji ya bar ta ta yi mai isarta. Ya shiga duba ganyen lemun tsami kamar abin da ya kawo shi ke nan.

Da ta share ido ta ce, "Ciyawar za ta tashi?"

"Za ta tashi, in Allah ya yarda. Ciyawa ba ta da riƙo. Amma sai kin ba ta wata biyu, kuma sai kin cire hannunki daga famfo. Kwana goma ko ɗigo. Bayan nan Litinin da Alhamis, da safe, ni zan riƙa zuwa, ke ki zauna da ƙugunki ki ba da umarni. Za mu kwashe matacciyar, mu huda ƙasar ta sha iska, mu ɗebo iri daga bayan lemun nan mu dasa a wuraren sanƙo. In mako biyu ya yi na ƙirga na ga sun fi ƙarfin ciyawar, zan kawo magani mai suna da awo, a sa inda suke kaɗai, a hana yara takawa har ya wuce. Ba kafin nan ba. Akwai mai kaji a layin nan?"

"Matar tela. Shekara biyu ina korar su da tsintsiya."

"Yau ki je ki ba su haƙuri."

Matar tela ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce yau ga ranar kajinta, an aiko musu da katin gayyata. Ta koro su su bakwai. Mai Inji ya riƙa naɗe matacciyar ciyawar gefe kamar tabarma, kajin suna binsa a baya, suna wawaso, suna ƙwace a bakin juna. Ungozoma ta ja kujera tana kallo, tana nuna musu inda suka tsallake.

Wajen ƙarfe biyar ya wanke hannu ya sa takalmi. Ya ɗauki gorar Kashe-Duka da ledarta.

"Wannan kada a zuba a kwata, kada a ajiye a gida. Ni zan mayar wa mai ita, ina da magana da shi."

"Allah ya saka da alheri. Ya bar zumunci."

"Amin, Amarya. Ban gaya miki komai ba fa."

Ya tafi. Gidan ya yi tsit, sai kukan kaji da suka ƙoshi suna tafiya da kyar.

Ƙarfe biyar da rabi jikinta ya tashe ta da kansa, ba ta duba agogo ba. Sai ganin kanta ta yi a gindin famfo, tiyo a hannun hagu, na dama a kan makunnin. Ta tsaya. Ta janye hannun.

Ba ta ajiye tiyon ba. Ta ja shi a hankali zuwa jikin katanga, kusa da ƙofa, inda yake tsayawa. Shekara biyu tana zagaye filin nan tana fesa ruwa ko'ina, ba ta taɓa tsayawa cak a wurin ba. Akwai wani faffaɗan bulo da aka binne daidai da ƙasa, samansa ya sha taku har ya yi sulɓi. Ta hau, ta ɗaga kai.

Tsakanin turken wuta da rumfar mai kanti akwai wata 'yar kafa, kuma ta cikinta ana hango tashar bas ɗin unguwa tar, da bencinta da komai. Ta gwada matsawa taku ɗaya hagu, rumfar ta rufe. Ta matsa dama, turken ya rufe. Ta koma kan bulon.

Bas ɗaya ya tsaya, ya sauke mata biyu da wani mai buhu, ya wuce. Ta ji zuciyarta ta ɗan faɗi, ta yi mamakin kanta. Na biyu ya tsaya. Injiniya ya sauko, jaka a kafaɗa, tef ɗin awo a hannu. Daga nan ƙarami ya zama, ga gajiya a wuyansa, yana jefa ƙafar dama waje irin tafiyar ubansa. Ta bi shi da ido ya tsallaka titi, ya gaida mai kanti, ya shigo layi. Da ya kusa, sai ta samu kanta ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa.

Ƙofa ta yi ƙara. Ta ɗago.

"Au, har ka iso?"

Ya yi turus. Ya dubi filin da aka birkice, da tulin matacciyar ciyawa, da kaji bakwai suna yawo kamar gidan ubansu.

"Umma, me ya faru a nan?"

"Jinya ake yi. Ka kira magini ka ce ya riƙe simintinsa. Wata biyu nake so."

"Amma kin yi alkawari. Ƙugunki fa? Ga shi ma yanzu kin sake jawo tiyon nan."

"Na yi alkawari ban san ciwon ba. Yanzu na sani."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a bakin tiyon. Ya bi shi da kallo, ta kan busasshen bulo, har gindin famfo.

"Umma, famfon ai a rufe yake."

"Na sani," in ji ta. "Shekara talatin a rufe yake. Zo ka tsaya nan in nuna maka abin da babanka yake ba ruwa."

Ya dube ta. Sannan ya zura tef ɗin a aljihu, ya tuɓe takalmi, ya tako.